Lemun Kola Marar Sukari: Daga Cikin Jirgin Sama Zuwa Kasuwar Sakabal

Jawabin jami'ar kula da abinci mai gina jiki a zaman faɗakarwa na ƴan sa-kai da iyaye mata, ƙaramar hukumar Rumbu, gundumar Dakoro, jihar Maraɗi



Masu girma shugabannin ƙaramar hukuma, iyayenmu hakimai da masu gari, malamai da limamai, ma'aikatan likita, ungozomomi, ƴan sa-kai masu shiga gida-gida, da ku iyaye mata da kuka baro aikin gida kuka zo, ina yi muku barka da zuwa. Allah ya saka da alheri.

Batun zaman yau ya fito ne daga bakinku. A zaman da ya gabata ƴan sa-kai sun kawo wata tambaya da suka ce ana yawan yi musu a ƙauyuka, musamman bayan dawowar alhazai. Alhazan suna ba da labarin wani lemun kola da ake rabawa a cikin jirgi, wanda aka rubuta a jikin gwangwaninsa cewa babu sukari a ciki, amma kuma yana da zaƙi. Daga nan magana ta rabu uku. Wasu sun ce maganin ciwon sukari ne. Wasu sun ce sun ji a rediyo yana kawo ciwon daji. Wasu iyaye kuma sun ce tun da ba shi da sukari, ai babu laifi a ba yaro. Matambayi ba ya ɓata, don haka zan bi maganganun nan ɗaya bayan ɗaya. Ta ukun ce ta fi damuna, domin ita ce ta shafi ran yaranmu.

Mene ne a cikin gwangwanin?

Gwangwanin kola na yau da kullum mai cin mililita 330 yana ɗauke da sukari kimanin giram 35, wato wajen ƙananan cokulan shayi 8 zuwa 9, kuma yana ba jiki kalori kusan 140. Kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta ba da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke ci a rana, kuma in an rage shi zuwa kashi 5 ya fi. Ga babban mutum wannan yana nufin kimanin giram 50, ko giram 25 ga mai son kiyayewa sosai. Kun ga gwangwani ɗaya ya riga ya wuce ƙaramin ma'aunin.

Saboda wannan ne kamfanoni suka nemi abin da zai ba harshe zaƙi ba tare da sukari ba. Diet Pepsi ya fito a Amurka a 1964, Diet Coke a 1982, wanda a ƙasashe da yawa ake sayarwa da sunan Coca-Cola Light, sai Coca-Cola Zero a 2005. Sinadarin da aka fi zubawa a cikinsu sunansa aspartam. Wani masanin haɗa magunguna mai suna James Schlatter ne ya gano shi a Amurka a 1965. Zaƙinsa ya ninka na sukari wajen sau 200, shi ya sa ɗan ƙanƙani ya isa gwangwani guda. Sauran abin da ke ciki ruwa ne, da iskar da ke sa kumfa, da launi, da wani sinadari mai tsami, da kafeyin, wato abin nan da ke cikin goro da shayi mai hana barci. Kuzarin da ke cikin gwangwanin bai wuce kalori ɗaya ko biyu ba. Ku riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Me ya sa ake yawan shansa a jirgi?

Alhajin da ya tashi daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai zuwa Jidda ko Madina yana shafe awa biyar ko fiye a sama. Iskar da ke cikin jirgin ba irin ta ƙasa ba ce. Nauyinta kamar na wurin da ya kai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400 ne, wato kamar mutum yana zaune a ƙololuwar duwatsun Bagazam na ƙasar Ayar, inda tsauni mafi tsayi a Nijar ya kai mita 2,022. Ga ta kuma a bushe, laimarta sau da yawa ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba, kamar tsakiyar hunturu. Hanci da maƙogwaro suna bushewa, ƙishirwa ta taso, ɗanɗano ya ragu. Wani bincike da cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus ta yi wa kamfanin jiragen Lufthansa a 2010 ya nuna cewa a irin wannan yanayi harshe yana rage jin gishiri da zaƙi. Shi ya sa matafiyi ke marmarin abu mai sanyi, mai kumfa, mai ƙarfin ɗanɗano.

Masu zaɓen marar sukari suna da dalilansu. Wani yana da ciwon sukari, wani yana tsoron ƙiba tun da zai daɗe a zaune, wani kuma kawai ya saba da ɗanɗanonsa. Ma'aikatan jirgi kuwa sun daɗe suna cewa irin wannan lemu ya fi kowane wahalar zubawa a kofi, domin kumfarsa tana tashi da yawa a sama kuma tana jinkirin kwantawa. Wannan kumfa da ta ba wasu alhazai mamaki ba alamar magani ba ce, iska ce kawai ke fita daga ruwan saboda nauyin iskar jirgin ya ragu. Iskar nan kuma tana iya kumbura ciki. Abin da jikin matafiyi yake nema a sama ruwa ne. Dattijon da zai hau jirgi ya riƙa karɓar ruwa a kai a kai, in ya so ya sha lemun sau ɗaya don marmari.

Gardamar masana

A shekarar 2023 an yi sanarwa biyu da suka tada ƙura a duniya, kuma su ne asalin abin da kuka ji a rediyo.

Ta farko ta fito a watan Mayu. OMS ta ce kada a dogara da sinadaran zaƙi marasa sukari don rage ƙiba. Da aka tattara bincike masu yawa, an ga ba su rage kitsen jiki in an daɗe ana amfani da su, an kuma ga cewa a cikin mutanen da suka shekara da shekaru suna shan su an fi samun ciwon sukari da ciwon zuciya. Sai dai a nan akwai abin lura. Sau da yawa wanda ya riga ya yi ƙiba, ko likita ya gargaɗe shi, shi ne ke komawa ga lemu marar sukari, don haka da wuya a rarrabe ko lemun ne ya jawo ciwon, ko kuwa tsoron ciwon ne ya kai mutum ga lemun. Saboda haka hukumar ta kira shawarar tata mai sharaɗi, ta kuma ce ba ta shafi waɗanda suka riga suka kamu da ciwon sukari ba. Abin da ta fi so shi ne mutane su rage son zaƙi gaba ɗaya, tun daga ƙuruciya.

Ta biyu ta fito ranar 14 ga Yuli. Cibiyar binciken ciwon daji ta OMS da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya aspartam a rukunin da ake kira 2B, wato abin da mai yiwuwa ne ya iya kawo ciwon daji, amma hujjar da aka samu ƙanƙanuwa ce. Hujjar ta shafi ciwon dajin hanta. A rana guda kuma wani kwamitin masana na OMS da hukumar abinci ta FAO ya ce bai ga dalilin sauya ma'aunin da aka daɗe da shi ba, wato miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana. Mutum mai kilo 70 ke nan yana da miligiram 2,800. Tun da gwangwani ɗaya yana ɗauke da miligiram 200 zuwa 300, sai ya sha fiye da gwangwani 9 zuwa 14 kullum kafin ya ƙetare iyaka.

Sanarwar biyu ba su saɓa wa juna ba. Cibiyar Liyon tana duba ko abu yana iya cutarwa ko ta wane hali, kwamitin kuwa yana duba yawan da ake sha kafin cutar ta zo. Alhajin da ya sha gwangwani ɗaya a hanyar Makka ya kwantar da hankalinsa. Amma ku yi lissafin nan da yaro mai kilo 10. Ma'auninsa miligiram 400 ne kacal, gwangwani biyu sun cika shi ko sun wuce.

Tun da maganar hanta ta taso, bari in faɗi abin da ya fi kusa da mu. Cibiyar nan ta Liyon tana da rukuni na 1, na abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon daji. Taba tana ciki. Haka kuma gubar aflatoksin, wadda ke fitowa daga fumfunar gyaɗa da masara da aka ajiye da danshi, da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Waɗannan suna cikin rumbunanmu da gidajenmu. Mai tsoron ciwon dajin hanta ya shanya gyaɗarsa ta bushe sarai, ya tsince wadda ta yi baƙi ko ta yi ɗaci ya zubar, ya kuma kai jaririnsa allurar Penta a mako na 6 da na 10 da na 14, domin rigakafin ciwon hanta yana cikinta.

Mai ciwon sukari

Lemu marar sukari ba ya warkar da ciwon sukari, ba ya kuma rage sukarin da ke cikin jini. Amfaninsa ɗaya ne: in mai ciwon ya matsu sai ya sha lemu, wannan ba zai ɗaga masa sukari kamar na yau da kullum ba. Ruwa ya fi su duka biyun.

Akwai kuma haɗarin da ya kamata kowane gida mai irin wannan majinyaci ya sani. Wanda ke yin allurar insulin ko shan wasu ƙwayoyin ciwon sukari, in ya jinkirta cin abinci, kamar yadda ke faruwa a tafiya ko a gona, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa. Zai fara gumi, jiki na rawa, zuciya na bugawa, magana na ruɗewa. A wannan lokaci sukari na gaske yake bukata nan take, kimanin giram 15: ƙwayar sukari uku ko huɗu, ko rabin kofi na lemu mai sukari, ko dabino biyu zuwa uku. In aka miƙa masa marar sukari da niyyar taimako, bakinsa zai ji zaƙi alhali jininsa bai samu komai ba, yana iya suma. In kuwa ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi likita.

Yaranmu

Gardamar da na kawo muku ta taso ne a ƙasashen da matsalarsu yawan ci. Mu a kwarin Tarka, daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da hatsin bara ya ƙare na bana bai nuna ba, matsalar yaranmu ƙarancin kuzari ce. Abin da aka ƙera don kada ya ba jiki kuzari ba shi da gurbi a cikin yaron da ke neman kuzari.

Ga lissafin. Bayan nonon uwa, yaro mai wata 6 zuwa 8 yana bukatar kalori kimanin 200 a rana daga abinci, mai wata 9 zuwa 11 kimanin 300, mai wata 12 zuwa 23 kimanin 550. Cikinsa kuwa ƙarami ne. Yaro mai kilo 8 ba ya ɗaukar fiye da wajen mililita 240 a zama ɗaya, bai kai gwangwani guda ba. In aka cika wannan ɗan wuri da ruwan zaƙi mai kumfa, yaron zai ture kunu, zai rage tsotson nono, ga shi bai samu komai ba sai kalori ɗaya. Ga kafeyin da zai hana shi barci, ga tsamin da ke cin haƙora ko da babu sukari. Kuma harshen da ya saba da zaƙi mai ƙarfi tun yana ƙarami yana wuyar karɓar wake da ganye. A jagorar ciyar da yara ƴan wata 6 zuwa 23 da OMS ta fitar a 2023, an faɗa ƙarara cewa kada a ba su abin sha mai sukari, kada kuma a ba su sinadaran zaƙi marasa sukari. Wanda bai kai wata 6 ba kuwa, nonon uwa zalla, ko ruwa ba a ƙara masa.

Wata uwa tana iya cewa, to ai abincin gyaɗan nan da kuke ba yara masu tamowa ma yana da zaƙi. Gaskiya ne, akwai sukari a cikin Plumpy'Nut, kuma da gangan aka sa shi. Likitan yara André Briend da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset ne suka haɗa shi a Faransa a 1996, daga gyaɗa da garin madara da mai da sukari da bitamin da ma'adinai. Leda ɗaya mai giram 92 tana ba da kalori 500. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jiharmu ta Maraɗi, kuma da wannan abinci ne aka iya jinyar da yawansu a gida. Sukarin da ke cikinsa yana tafe da abin gina jiki, an auna shi daidai da nauyin yaro. Magani ne na wanda igiyar awon damtse ta nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, ko wanda ƙafafunsa biyu suka kumbura. Ba a raba shi da yayye, ba a kai shi kasuwa.

Zawo

Wurin da lemu ya fi yin ɓarna shi ne lokacin zawo. Ana yawan cewa kola yana tsayar da ciki ko yana kwantar da amai, har wasu su girgiza shi kumfar ta fita su ba yaro. Yaro mai zawo yana zubar da ruwa da gishirin jiki. Hanji kuwa yana tsotse gishiri da ruwa ne in ya samu sukari kaɗan tare da gishirin, a ma'auni daidai. Wannan ma'auni shi ne ke cikin ledar SRO: a lita ɗaya ta ruwa, sukarin gulukos giram 13.5 da gishiri giram 2.6, tare da wasu gishirai biyu. Kola mai sukari yana da sukari fiye da giram 100 a lita, gishirinsa kuwa kusan babu. Yawan sukarin yana janyo ruwa daga jiki zuwa cikin hanji, zawon ya ƙaru. Marar sukari kuma ba shi da sukarin da zai ja gishiri, ba shi da isasshen gishirin ma. Duka biyun suna barin yaro yana bushewa alhali uwa tana zaton ta yi magani.

Abin yi shi ne leda ɗaya ta SRO a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan bayan kowane zawo, da ƙwayar zinki kullum har kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da nono da abinci. In idanu suka faɗa, ko maɗiga ta lotsa, ko ya kasa sha, ko aka ga jini a bayan gida, ko kuma yaron dama mai tamowa ne, kada a kwana da shi a gida. A kai shi likita mafi kusa, su kuma in ta kama su tura shi babban asibitin Dakoro.

Abin da ke kasuwarmu

Kada mu ɗauka sinadaran nan suna can cikin jirgi kawai. Garin lemu na ƙananan leda da ake sayarwa a kasuwar Sakabal da kan teburan ƙauye, wanda ake kaɗa leda ɗaya a ruwa mai yawa ya yi zaƙi, da yawansa da irin waɗannan sinadarai ake yinsa. Da shi ake haɗa wasu ƙullin ƙanƙara masu launi da yara ke tsotsa ranar kasuwa, wani lokaci da ruwan da ba a tace ba. Ƴan sa-kai masu karatu, ku juya bayan leda ku duba. In kun ga an rubuta aspartame, ko acésulfame, ko saccharine, ko sucralose, ko kalmar édulcorant, to shi ne.

Sai shayi. A zangon makiyaya da majalisar gari duk ana dafa shi zagaye uku, kowane zagaye da sukarinsa, kuma wanda ya yi zama biyu ko uku a rana ya sha sukarin da ya fi na gwangwanin kola. Manya su rage hannu a hankali. Yaro kuwa kada a miƙa masa na ƙarshe, domin shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, ga ƙarancin jini ya riga ya yi yawa a tsakanin yaranmu da mata masu ciki.

Saƙon da za ku kai gida-gida

Babba mai lafiya da ya sha lemu marar sukari jefi-jefi, a jirgi ko a wurin biki, babu abin tsoro. Mai ciwon sukari ya san cewa ba magani ba ne, ya riƙa yawo da ƙwayar sukari ko dabino a aljihu. Yaron da bai kai shekara biyu ba kada a ba shi lemu kowane iri, kuma ko ya wuce haka ruwa da nono sun fi masa. Mai zawo, SRO da zinki.

Ga iyaye maza, musamman alhazai da masu dawowa daga ci-rani: tsarabar da za ta amfani yaro tana nan kusa. Kuɗin kwalbar lemu a sayi ƙwai, ko wake, ko ƙuli-ƙuli, ko ɗan yankin hanta ranar kasuwa. Iyaye mata ku ƙara wa kunun gero garin gyaɗa ko na wake, da cokalin mai, da garin zogale ko na kuka, da nonon da aka tafasa. In ana son abin sha mai daɗi ga manya da yaran da suka tasa, ga zoɓo, ga tsamiya, ga ɗanyar kuka, ga fura da nono, a haɗa da ruwa mai tsabta a taƙaita sukari. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da ya ƙoshi da abinci mai gina jiki shi ke iya jure zazzaɓin damina da zawo.

Ku ci gaba da auna damtsen yara kowane mako. In igiya ta nuna rawaya ko ja, ku zo da su ba tare da jiran ranar kasuwa ba. Yanzu zan saurari tambayoyinku, daga nan ƴan sa-kai su nuna mana yadda ake haɗa SRO da kunu mai haɗi.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka.